Kafin ka sayo wa ƙungiyar agaji sabbin na'urori

Ka ce ƙungiyar agaji ta kira ku sabunta mata tsarin kwamfutocinta, kana tambaya me za a fara saya. Tukuna, samari. Ko linzamin kwamfuta kada ka sayo.

Fara da makullai. Da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafinsu na intanet? Wa ke riƙe da babban asusun imel? Galibi za ka tarar wani ɗan sa-kai ne ya buɗe da imel ɗinsa, kuma ya bar wurin tuntuni. Ran da rajistar ta ƙare, shafi da imel tare za su tsaya. Mayar da komai sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙe, kowa da tantancewa mai mataki biyu. Sai ajiyar bayanansu: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Ka dawo da fayil guda daga ciki ka buɗe shi, don ka tabbatar kwafin na aiki.

Inda aikin ke cin mutum shi ne kwashe jerin masu ba da gudummawa da masu cin gajiya, wanda yawanci a manhajar Excel yake, zuwa sabon tsari. Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ya haɗiye sifilin farko, don haka mayar da rukunin zuwa rubutu kafin ka zuba. Kwanan wata kamar 03/04, wata kwamfutar 3 ga Afrilu za ta karanta, wata 4 ga Maris. Idan ba ka fitar da CSV (fayil ɗin da ake kwashe jerin da shi) a tsarin adana haruffa na UTF-8 ba, duk sunan da ke da ƙ ko ɗ zai dagule. Ga mutum ɗaya da aka shigar sau uku da rubutu daban-daban. Wannan kam ma'aikatansu ne za su tace, su suka san mutanensu. Zuba layi 50 a sabon tsarin ka duba da ido, sannan sauran. Jimillar kuɗi dole ta yi daidai da ta akanta. Tsohon tsarin kuma a bar shi don dubawa kawai, har a rufe rahoton wata guda da sabon.

Sauya imel? Rage TTL (tsawon lokacin da ake riƙe bayanin adireshinsu kafin a sake dubawa) zuwa daƙiƙa 300 tun kwana biyu kafin ka canza MX (bayanin da ke nuna inda za a kai imel ɗinsu), kuma ban da makon miƙa rahoto ga masu tallafi.

Yanzu na'urori. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta. Kwamfutar da ta cika sharaɗi, sa mata SSD (ma'adana mai sauri), ka kai RAM ɗinta (ƙwaƙwalwar aikinta) gigabait 8, ta wadatar da aikin ofis. Abin da nake so ka rubuta musu ɓaro-ɓaro shi ne kuɗin lasisi na kowace shekara. Tallafi kan biya sayayya sau ɗaya ne, lasisin baɗi kuwa daga aljihunsu zai fito. Google da Microsoft suna da rangwame ga irin waɗannan ƙungiyoyi, ka sa su nema kafin ka rubuta farashi.