Mazaunin kabon da na ƙera, zai samu rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai naɗin koyil ne a Ƙofar Ruwa. Na lura kabon na injin giranda, wato ɗan gawayin da ke kai wuta ga amacha (ɓangaren da ke juyawa a cikin injin), yana cinyewa ta gefe ɗaya, sai na ƙera masa sabon mazauni da sifirin da ke danna shi daidai a kan amacha. Maƙwabtan shagona har sun fara kwaikwayo. Hukuma za ta iya ba ni takardar mallakar fasaha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shi kabon ɗin ka cire rai da shi, domin tun shekarun 1880 ya fara maye gurbin wayar jan ƙarfe a injinan lantarki. Mazaunin da sifirin su ne abin dubawa. Dokar mallakar fasaha ta Najeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane gwani a sana'ar zai hango da kansa ba, sannan a iya ƙera shi a masana'anta. Ƙara wa sifirin ƙarfi kawai ba zai wuce sharaɗi na biyu ba.

Maganar maƙwabtan nan ce ta fi tsaya mini a rai. A dokar, da zarar fasaha ta fita ga jama'a, da baki ne, a rubuce ne, ko ta hanyar amfani, ta tashi daga sabuwa. In ka riga ka saka wa kwastomomi suna yawo da shi a gari, to da wuya. Mu Kanawa kuwa, abu ya yi kyau sai mun kira na kusa ya gani.

In akwai gyaran da ba ka nuna wa kowa ba, riƙe shi. Ka sa yaro ya buɗe maka Google Patents, shafin intanet na binciken takardun mallakar fasaha, ku duba rukunin H01R 39, nan zanen kabon da mazauninsa suke jibge. In babu irin naka, ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, hukumar bunƙasa fasaha ta NOTAP kuma tana taimaka wa masu ƙirƙira da cike takardu. Kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da takarda, da kuɗin sabuntawa duk shekara.

Sai dai magatakardan cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Ranar da ka kai mai kwaikwayo Babbar Kotun Tarayya, lauyansa na iya zaro tsohon zane daga Jamus, alƙali ya soke takardarka.