Wasannin da ke sauka da kansu a wayar da aka shigo da ita daga Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi Samsung ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, yau ka wayi gari ka ga sabon wasa, jibi ka ga wata manhajar sayayya da ba kai ka sauke ba, data kuma tana zurarewa, har an ba ka shawara ka yi mata fomatin. Don Allah dakata da fomatin ɗin nan. Na bi ta wannan hanyar, mako biyu ta cinye mini ba biyan buƙata.

Hajiyarmu na saya wa irinta. Ita ba ruwanta da komai a waya sai WhatsApp da sauraron tafsiri. Ranar wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar ta tsare jikanta ɗan shekara tara tana yi masa faɗa, wai ya cika mata waya da karta. Yaro yana rantsuwa, hawaye shaɓe-shaɓe. Na karɓa na duba, wasanni huɗu ne, ɗaya har da hoton tsabar zinariya irin na caca. Na goge su, kuma gaskiya ni ma a raina shi na ɗora wa laifin. Bayan kwana uku sai ga wasu biyu sun fito, alhali yaron yana can gidan iyayensa, ko taɓa wayar bai yi ba. Abin ya tsaya mini a rai, sai da na je har gida na ba shi haƙuri.

Daga nan na yi fomatin, har sau biyu. Duk lokacin da wayar ta tashi sai abin ya dawo, ya ma fi na da yawa. A karo na uku ne na nutsu na karanta abin da nake dannawa. Ashe cikin shafukan farko da mutum ke wucewa da sauri, akwai wanda ke jero manhajoji kusan goma, kowacce an riga an yi mata alamar zaɓi. Kana danna gaba, ka amince ke nan.

Ba bairos ba ne, shi ya sa manhajojin tsaro ba sa kama shi. A Amurka yawancin mutane daga hannun kamfanin layi suke karɓar waya, suna biya wata-wata. Kamfanin layin kuwa tun kafin wayar ta fito daga kwali yake dasa wata manhaja a cikin tsarinta, aikinta ta riƙa tallata manhajoji ko ta sauke su kai tsaye, masu manhajojin kuma su biya kuɗi kan kowace saukewa. Ciniki ne tsakaninsu. Tunda a cikin tsarin wayar take zaune, tana da ikon da sauran manhajoji ba su da shi, ba ta neman izininka a kowane karo. Fomatin kuwa kayanka kawai yake sharewa, ba ya taɓa tsarin. Hasali ma tayar da ita yake yi, ta ɗauka sabon mai waya ya zo. Cire kullen layi da aka yi kafin a sayar maka bai fitar da ita ba, layin kawai aka buɗe.

Sunanta ya danganta da inda wayar ta fito. Wadda aka fi sani ita ce DT Ignite ta kamfanin Digital Turbine da ke Austin a jihar Texas, a wayoyi da dama kuma da sunan Mobile Services Manager take fitowa, suna mai kama da abin da waya ba ta iya aiki sai da shi. A na Verizon za ka iya ganin Verizon App Manager, a na T-Mobile kuma AppSelector. Kada masu sabuwar waya su ga kamar sun tsira: a jerin Galaxy A da M akwai AppCloud, wadda ironSource ta ƙirƙira, kamfanin Isra'ila da ya haɗe da Unity, mai yin manhajar ƙera wasanni, a 2022. A 2025 ƙungiyar SMEX ta Lebanon, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta rubuta wa Samsung buɗaɗɗiyar wasiƙa a kanta, tana kukan cewa cire ta yana da wuya, kuma ba a fayyace wa mutane irin bayanansu da take tarawa ba.

To ga abin da ya yi mini aiki. Ka shiga saitin waya, ka buɗe jerin manhajoji. Ba lallai ka gan ta nan take ba, a ɓoye take. A Samsung akwai 'yar alama a gefen jerin, ka taɓa ta ka kunna inda aka rubuta Show system apps, sannan ka nemi ɗaya daga sunayen can. In ka same ta, kada ka fara da kashewa. Fara shiga ɓangaren data ka hana ta aiki a bayan fage, ka rufe sanarwarta, ka share bayanan da ta tara a ma'ajiya, sannan ka danna Force stop, ka bi da Disable. Zai yi maka gargaɗin cewa wasu abubuwa za su iya samun matsala. A wayar Hajiya kira, saƙo, intanet, ba abin da ya motsa. Bayan nan sai ka bi wasannin da ta riga ta sauke ka goge su ɗaya bayan ɗaya, don kashe uwar ba ya kwashe 'ya'yan.

Kafin ka yi duk wannan, leƙa lissafin data na watan nan a saitin. A nan na ga gaskiyar lamarin da idona: ita kanta manhajar ba ta ci da yawa ba, wasannin da ta kawo ne suke ta sabunta kansu suna jan talla. A ƙasar da aka yi wayar dominta, inda kusan kowane gida da Wi-Fi, mutum ba zai ji a jikinsa ba. Mu da muke sayen data da guminmu, muna lissafin ta kai mu ƙarshen wata, wannan zalunci ne, kuma tsofaffinmu da ba su san inda za su duba ba su suka fi cutuwa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tana iya farfaɗowa. Bayan babban sabunta tsarin waya na tarar ta kunna kanta. Yanzu duk lokacin da wayar Hajiya ta yi sabuntawa sai na koma na duba, aikin minti ɗaya ne. Kada kuma wannan ya sa ka daina sabuntawar, gyaran tsaro ta nan yake zuwa.

Wani lokaci za ka tarar maɓallin Disable ya dushe, ba ya dannuwa. A nan sai an haɗa da kwamfuta. Ana taɓa lambar ginin tsarin (Build number) sau 7 a buɗe saitin masu ƙirƙira (Developer options), a kunna damar haɗawa ta kebul (USB debugging), a yi amfani da ADB, wato manhajar kwamfuta da ake ba waya umarni da ita, a kashe manhajar ko a cire ta daga asusun mai wayar. Masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da yawa sun iya. Sharaɗina biyu ne: ka tsaya a kansa, ka ce wannan guda ɗayar kake so a taɓa, don akwai masu zafin hannu da za su kwashe abubuwa ashirin, gobe kyamara ko kira ya ƙi aiki. Na biyu, a rufe saitin masu ƙirƙirar in an gama, wasu manhajojin banki ba sa buɗewa in yana kunne. Ka kuma sani ko ta wannan hanyar ba ta fita daga tsarin gaba ɗaya, in ka sake fomatin za ta dawo. Batun rutin kuwa, wato fasa kullen tsarin wayar don samun cikakken iko a kansa, ban ba ka shawara ba ko kaɗan, kan wasannin banza za ka rasa manhajar bankinka.

Sai dai ka lura da abu ɗaya. In talla tana rufe maka fuskar waya gaba ɗaya alhali ba ka buɗe komai ba, ko ka ga wata manhaja marar suna marar hoto a jerin, ko ana cire maka kati ba dalili, wannan wata cutar ce daban, maganinta ma daban.

Duba lambar samfurin wayarka a saitin. A Samsung na Amurka, wadda ta ƙare da U ta kamfanin layi ce, mai U1 ita ce aka sayar a buɗe tun asali, kuma ta fi tsafta daga irin wannan kaya. Turo mana lambar da hoton jerin manhajojin tsarin, in sha Allahu zan nuna maka wadda za ka kashe da waɗanda za ka bari.