Sitiyarin ya yi nauyi amma ba a jin hanya: ajiye sukudireba tukuna

Ka tambaye ni kan sitiyarin nan na wasan tuƙin mota, G29, da mai gidan gem na Gwallameji a Bauchi ya aiko. Ka ce ya yi nauyi ƙwarai a hannu amma mai tuƙi ba ya jin komai na hanya, in mota ta miƙe kuma sai ya riƙa kaɗawa hagu da dama da kansa, shi ne kake so ka buɗe ka duba ko injin ya ƙone. Ajiye sukudireba tukuna, yaro. Injin da ya ƙone ai ba ya nauyi, sakwaf za ka ji shi. Abin da ka lissafa duk ya fi kama da aikin saiti, kuma akasarin waɗanda ake kawo mana nan Wunti haka suke.

Ka san abin da ke ciki tukun. G29 da ɗan'uwansa G920 na Xbox, waɗanda Logitech suka fitar a 2015, ƙananan injina biyu gare su, suna juya sandar sitiyari ta haƙoran giya. Gem ɗin ne ke lissafa abin da tayoyin gaba ke fuskanta, nauyin kwana ne, gargada ce ko santsi, sai ya umarci injinan su tura maka shi a hannu. Ƙarfinsu gaba ɗaya Nm 2 ne da ɗan ɗoriya, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin murɗawa ne. Manyan da ake ɗaura sitiyarinsu kai tsaye a kan injin, irin Fanatec CSL DD, suna ba da 5, har 8 in an ƙara masu babbar adafta. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Zare wayar USB ka mayar, ka ɗauke hannunka ka zuba ido. Lafiyayyen sitiyari zai juya har ƙarshe ta wannan gefe, ya koma ƙarshen ɗayan, sannan ya dawo ya tsaya a tsakiya. Da haka yake auna kansa. In fitila ta kama amma bai motsa ba, wuta ce ba ta isa injinan, domin USB ba ya iya ɗaukarsu. Ɗora mita a bakin adafta, ya kamata ka ga volt 24. Duba jikin adaftar ma da kyau, don masu gidajen gem in tasu ta lalace sai su laƙa cajar kwamfuta mai volt 19 saboda bakin ya shiga, daga nan kuma sai rauni da tsaye-tsaye. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka kuwa, karanta abin da aka rubuta a jiki kafin ka jona, wanda aka yi wa 110 kaɗai ba ya jure wutarmu ta 230. USB kuma a soka shi kai tsaye a jikin na'ura, ban da ta marabar nan mai baki huɗu. In PlayStation ne, akwai ɗan maɓalli a saman sitiyarin na zaɓen PS3 ko PS4, yara suna yawan ture shi.

In ya juya lafiya ya tsaya cak a tsakiya, to injin da na'urar auna juyi duk ƙalau suke. Sai maganar digiri. G29 yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi. In kwamfuta ce, buɗe G HUB, manhajar saitin sitiyarin ta Logitech, ka tabbatar 900 ɗin ne, ka shiga gem ɗin ka ga shi ma haka aka gaya masa. Gwajin ba wuya: juya sitiyarin hannunka rubu'in zagaye, ka kalli na cikin allo. In bai tsaya daidai da naka ba, sun saɓa, kuma duk ƙarfin da zai zo hannu zai zo a karkace. Motocin tsere na F1 kan yi aiki da wajen 360, tirelolin Euro Truck Simulator 2 kuwa sai ka ba su 900 ɗin duka.

Yanzu ga ainihin ciwon wannan sitiyari, in ban yi kuskuren karanta alamunsa ba. An cika masa ƙarfi ne har ƙarshe. Kowane mai gidan gem yana so yaro ya riƙe ya ji tauri ya ce kai, wannan mota ce ta gaske, sai a kai saitin ƙarfi ɗari bisa ɗari. To amma na gaya maka iyakar injin Nm 2 ne da kaɗan. Da an shiga kwana, gem ya nemi fiye da abin da injin zai iya, injin sai ya ba da iyakarsa ya tsaya nan. Taya ta hau gargada, gem ya nemi ƙari, babu. Taya ta fara santsi, gem ya ɗan rage, amma abin da yake nema har yanzu ya zarce iyakar, saboda haka hannu bai ji an rage komai ba. Nauyi ɗaya ne tun daga bakin kwana har fita. Kamar lasifikar gidan biki ce da aka murɗe har ƙarshe, ƙara ta cika unguwa amma ba ka rarrabe ganga da muryar mawaƙi. Mai tuƙi kuwa abin da ya fi buƙata shi ne wannan ɗan sassaucin da sitiyari ke yi lokacin da tayoyin gaba suka fara sakin kwalta, da shi yake sanin ya ɗaga ƙafa daga totur kafin ya tsinci kansa a rairayi.

Maganinsa ragewa ne. A gem ɗin Assetto Corsa akwai ɗan akwatin da ke nuna totur, birki da kulos, a gefensu akwai sandar ƙarfin sitiyari. In ta cika ta koma ja, an kai iyaka ke nan. Ɗauki mota ɗaya da fili ɗaya, ni Monza ta Italiya nake sawa saboda doguwar kwanarta ta ƙarshe, ka riƙa rage ƙarfin da biyar-biyar har sai jan ya zama ba ya leƙowa sai in ka hau dakalin gefen hanya mai ja da fari. A Gran Turismo 7 babu wannan sanda, saiti biyu ne daga 1 zuwa 10, na iyakar ƙarfi da na saurin ji. Ga G29 fara na ƙarfin daga 3 ko 4 ka bar hannunka ya yi hukunci. Kada ka taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, in ka yi haka ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Kaɗawar da yake yi a miƙaƙƙiyar hanya ma sau da yawa tana tafiya da zarar an rage ƙarfi. In ta ƙi, duba abu biyu. A G HUB akwai saitin da ke jawo sitiyari tsakiya da kansa kamar an sa masa sifirin. Kashe shi, don gem ɗin ya riga ya san yadda zai dawo da sitiyari, in suka haɗu sai su riƙa ja-in-ja. Na biyu, sitiyari mai giya yana da ɗan wuri a tsakiya da ba a jin komai, shi ya sa wasu gem suke da saitin mafi ƙarancin ƙarfi don cike gurbin. Kaɗan yana da amfani, in ya yi yawa sai injin ya tura hagu ya wuce, ya turo dama ya wuce, rawa ke nan. Rage shi har ta lafa. In kuma sitiyarin yana fizgewa ne ya gudu gefe ɗaya da zarar ka ɗan karkata, an juya alkiblar ƙarfin ne a cikin gem, maɓalli ɗaya ne ka mayar.

Ƙas-ƙas ɗin da kake ji in an hau gargada, wannan halin giya ne, haka suke tun suna sababbi. Kada ka karɓi kuɗin mutum a kansa.

Wata rana za a kawo maka sitiyarin Thrustmaster T300, mai bel maimakon giya da juyin digiri 1080, a ce yana farawa da ƙarfi sai ya yi laushi bayan an jima ana wasa. Shi wannan zafi ne. Yana da fanka a ciki, kuma in ya ɗumama yakan rage ƙarfi don kare kansa. Ka tuna yadda shagon kwano yake a Bauchi cikin Maris da Afrilu. Hure ƙurar da ta toshe masa iska, ka saurari fankar ko tana tashi, ka rage ƙarfin.

Inda za ka ɗauki sukudireba shi ne in ya gama auna kansa ya tsaya a karkace kullum, ko yana buga ƙarshe da ƙarfi ya kasa samun tsakiya, ko kana jin yana cijewa in ka juya shi ba wuta. Tsohon G27, wanda G29 ya gada, faifan da ke auna juyinsa ne ke tsagewa, G29 kuwa da maganaɗisu yake aunawa, sai ka duba ko mazauninsa ya saki. Fedal ma ana buɗewa: in ka ga totur yana rawa a allo ba a taka ba, ƙurar hunturu ce ta shiga, fesa masa maganin wanke kayan lantarki ka tattaka.

In ka gama, rubuta lambobin saitin a takarda ka manna a gindin sitiyarin, domin yaran gidan gem za su sake murɗe shi kafin Juma'a. Kuma ka bi mai shi ka ga teburin da yake ɗaurawa. In na roba ne mai lilo, rabin ƙarfin a teburin yake ƙarewa, ka gaya masa ya sa kafinta ya yi masa na katako mai kauri, a ɗaure maƙalan biyu tamau.