Amsa ga Alhaji kan gidan Mandela na Soweto

Assalamu alaikum. Alhaji, na saurari saƙonka, ka ce kwana biyu kacal za ka yi a Johannesburg, kana tambaya ko gidan Mandela ya cancanci a ba shi wuni guda. Ina jin abin da kake son sani shi ne ko akwai abin kallo a ciki, kuma idan fada kake tsammanin gani, gara ka yi zamanka a masauki.

Ɗan ƙaramin gida ne na jan bulo, mai lamba 8115 a titin Vilakazi, unguwar Orlando West, irin waɗanda gwamnatin farar fata ta jera wa baƙaƙe iri ɗaya sak. Mandela ya tare a ciki a 1946 da uwargidansa Evelyn, Winnie, wadda ya aura bayan sun rabu da Evelyn, ta shigo a 1958, ya zauna har aka kama shi a 1962. A'a, bari in gyara, tun 1961 ya shiga ɓuya, Winnie ce da yara suka sha wuyar gidan. Da aka sake shi a 1990 bayan shekara 27 a kurkuku, nan ya koma, amma kwana 11 kawai ya yi.

An rufe gidan a 2008 aka yi masa gyara, aka buɗe a 2009, kuma abin da na yaba shi ne ba a shafe ramukan harsashin da ke jikin bango ba. Na tsaya ina duban ɗaya daga cikinsu, ina auna tazarar da ke tsakaninsa da ɗakin kwana, sai ga direban da ya kawo mu yana tafa hannu wai minti ashirin ɗinmu sun cika. Mutumin da ya ɓata mana kusan awa guda a wurin masu sayar da tsaraba, ya tsaya yana taya su ciniki a kanmu! Har yau abin yana ci mini rai, domin ko ɗamarar damben da zakaran damben Amurka Sugar Ray Leonard ya ba Mandela a tsaitsaye na gan ta.

Don haka, Alhaji, ka tafi da sassafe, ka yi magana da direbanka tun kafin ku tashi. Gidan marigayi Desmond Tutu, babban limamin cocin da ya yaƙi wariyar launin fata, yana kan titin, gidan tarihi na Hector Pieterson, yaron da 'yan sanda suka harbe a zanga-zangar ɗaliban Soweto ta 1976, shi ma da ƙafa ake zuwa. Allah ya kai ka lafiya.