Tambaya da Amsa: Bawul mai gwiwa a tayar babur, a saka ko a bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da babban mashin Honda na hannu da na saya bara, taya tubles ce gaba da baya, kuma gaban faifan birki biyu ne. Matsalata duk lokacin da na je shan iska wajen mai faci sai an yi ta fama, kan famfon ba ya shiga tsakanin faifan da rim sai ya lanƙwasa bawul ɗin da ƙarfi, har na fara jin tsoro kar wata rana ya tsinke. Wani abokina ya ce in sa bawul irin mai gwiwar nan, wato wanda bakinsa ya lanƙwasa gefe. Shin yana da kyau, kuma wanne zan saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Tsoronka a kan hanya yake ɗan'uwa, don wannan lanƙwasawar da ake yi kullum ita ke cinye gindin bawul ɗin roba, ga zafin rana ga tsufa, sai ya fara tsattsagewa daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Ka tura shi gefe da yatsa ka leƙa gindin, in ka ga ƙananan tsaga kamar kaushin ƙafa to lokacinsa ya yi. Abokinka bai yi ƙarya ba, mai gwiwa yana da kyau, amma fa ba kowanne ba.

Kafin ka ba kowa kuɗinka ka san faɗin ramin da bawul ke shiga a rim ɗinka. Iri biyu ne suka fi yawa, milimita 11.3 da milimita 8.3. Yawancin mashinan Japan, su Honda, Yamaha, Suzuki da Kawasaki 11.3 ne, shi kuma 8.3 an fi ganinsa a na Turai irin su Ducati da Aprilia. To naka mai yiwuwa 11.3 ne, amma tunda na hannu ne ba ka san ko wani ya taɓa canza rim ba, ka bari sai an cire taya a auna ramin. In ka sa ƙarami a babban rami zai zauna kamar ya yi, ka sha iska ka tafi gida lafiya lau, da asuba ka tarar da mashin a zaune a ƙasa.

Sai maganar da ta fi damuna. Akwai mai gwiwa da bututunsa ƙarfe ne amma gindinsa roba ne, ana cusa shi ne kawai a rami, akwai kuma wanda duk jikinsa ƙarfe ne ko alminiyom, ana ɗaure shi da noti, da 'yar roba da ke toshe iska. Na biyun nan za ka saya. Dalili kuwa, in taya tana juyawa da gudu komai na jikinta ƙoƙarin fita waje yake, miƙaƙƙen bawul wannan ƙarfin a tsaye yake danna shi ba komai, amma mai gwiwa nauyinsa a gefe yake, sai ya riƙa sunkuyawa yana miƙewa, ka taka wuta ya sunkuya ka rage ya miƙe, robar gindin tana shan wahala har ta yage. Shi ya sa a tsofaffin Honda Gold Wing da suka zo da irin wannan bawul daga kamfani aka yi masa ɗan madogari na roba mai tauri da ke riƙe shi a jikin rim, in madogarin ya ɓace to an shiga uku. Kuma bawul in ya yage ba irin ƙusa ba ne da za ta riƙa sace iska a hankali, nan take taya ke zama, ka yi tunanin haka a tayar gaba tsakanin Zariya da Kaduna. Allah Ya kiyaye.

Gwiwar ma kala-kala ce, akwai digiri 90, akwai wajen 83, akwai 45. Ni na fi son mai 83 ɗin don bakinsa ya ɗan ɗaga daga jikin rim, kan famfo na samun wurin kamawa. Ka zaɓi gajere. In an zo ɗaurawa bakin ya kalli hannun dama, saboda in ka kafe mashin a ƙaramin jak hagu yake kwantawa, dama ce ke buɗe, ga shi sarƙa ma galibi a hagu take. Kada a ɗaure notin kamar ana jin haushinsa, alminiyom ba ya son ƙarfi, robar ma murƙushewa take. Bayan nan a juya taya da hannu a ga bai taɓa birki ba, a zuba ruwan omo a gindinsa, in ya yi kumfa a sake. Murfin ma a mayar, ƙurar hunturu in ta shiga allurar ciki sai iska ta fara tsiyaya.

TAMBAYA: Malam ni ɗan acaɓa ne, Boxer nake ja, zan iya sawa? Daga Gusau.

AMSA: In rim ɗinka mai wayoyi ne kana sa tub, to maganar nan ba taka ba ce, bawul ɗinka a jikin tub yake, ba a canza shi daban. Kuma kai ba ka da matsalar ma, tsakanin wayoyin nan hannu na shiga. Masu ƙananan tayoyi irin na sikuta su ne ake yi wa tub mai bawul a lanƙwashe tun daga kamfani. Abin da zan ce ka lura da shi, in ka ga bawul ɗinka ya karkace da kansa alhali da a miƙe yake, to tub ne ke zamewa a ciki saboda kana yawo da ƙarancin iska ga lodi, mutum uku da buhu, a sassauta taya a daidaita shi kafin ya fizge.

TAMBAYA: Na ga wani ɗan ƙarfe mai gwiwa da ake murɗawa a kan bawul ba sai an cire taya ba, ya yake? Daga Maraɗi.

AMSA: Yana aiki, kuma ga arha. Amma na shan iska ne kawai, ka murɗa, a sa iska, a duba geji, ka cire ka jefa aljihu. Kar ka bar shi a jiki ka hau titi, nauyinsa zai yi wa bawul ɗin roba abin da na faɗa wa mutumin Zariya. Wajen cirewa iska kan ɗan fita, don haka ka ce wa mai faci ya ɗan ƙara kaɗan a kan abin da ke rubuce a jikin mashin.