Tambayi Kafinta: Kujera na rawa, dirowa ta ƙi buɗuwa

TAMBAYA: Salam Malam. A gida nake aikin kwamfuta, kujerar katakon da nake zama a kai tana ta rawa tun shigowar hunturu, na bubbuga mata ƙusa amma abin sai gaba yake yi. Ita kuma dirowar tebur da damina sai da kokawa take buɗuwa. Sabbi zan saya ne ko akwai dabara? Daga wata 'yar'uwa a Unguwan Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko don Allah ki ajiye gudumar nan. Ba kujerar ce ta mutu ba, yanayin garinmu ne, katako yana shan danshi ya kumbura da damina, idan iskar hunturu ta buso kuma ya bushe ya tsuke, to wannan kumbura da tsukewar ce ke kashe gam ɗin mahaɗa, ƙusa kuwa tsaga busasshen katako kawai take yi ta ƙara faɗaɗa ramin.

Ki zare ƙusoshin, ki ciro ƙafar da ke rawa gaba ɗaya, ki kankare tsohon gam da wuƙa ki bi da sanfefa har sai kin ga farin katako, saboda sabon gam ba ya kama tsoho, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Sai ki shafa farin gam irin su Top Bond a cikin ramin da jikin ƙafar, ki mayar, ki ɗaure tamau da robar tsohon tub na mashin, wadda masu faci ke yankawa. Wanda ya tsatso ki goge da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba. Ki bar ta awa 24, kuma ki ja wa yara kunne kar wanda ya hau. In sukuru ne ya kwance yana juyawa a banza, ki tsoma tsinken ashana a gam ki cusa ramin ya cika, ya bushe, ki sake ɗaurawa.

Dirowa kam mai sauƙi ce, ki goga kyandir ko busasshen sabulu a gefenta da kan katakon da take bi. Kar ki bari a fere ta da yawa lokacin damina, in ba haka ba da rani za ta riƙa lilo.

TAMBAYA: Malam ina son kanta a bango ta littattafai da fayil, da ɗan abin ɗora laftof don wuyana na ciwo. Wane katako zan saya? Daga wani ɗan'uwa a Rigasa.

AMSA: Malam ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ko duk inda ake sayar da katako kusa da kai ka nemi filawud mai kaurin milimita 18. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ya yi maka yawa, ka tambayi ragowar yanka wajen kafintoci, ya fi araha kuma su yanka maka a nan take. Ni dai ba na son MDF, wato allon da ake yi da garin katako da aka matse da gam, a wannan aiki, yana da kyan gani amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya fara marmashewa, kuma nauyin littafi na lanƙwasa shi.

Ka sa bireket na ƙarfe, wato ƙarafan da ke tallafe kantar a jikin bango, tazararsu kar ta wuce ƙafa biyu. Bangon bulo ba a buga masa ƙusa a ɗora nauyi, a huda da diril a sa fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin don sukuru ya kama, sannan sukuru, kuma ka kauce wa saitin soket sama da ƙasa don nan waya ke bi (in gidan haya ne ka fara gaya wa mai gida, ka san halinsu).

Na laftof guntaye uku ne kawai, biyu a tsaye ɗaya a kwance a kai, gam da sukuru. Ka zauna a kujerarka ka auna yadda saman sikirin zai zo daidai idonka kafin a yanka, ka huda 'yan ramuka a na saman don iska, sai ka haɗa da kibod da maus na waje.