Matar da fuskarta ba ta motsi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli wani tsohon fim ɗin Japan mai baƙi da fari, Kumonosu-jo, na Akira Kurosawa. Matar jarumin ta ɗaure mini kai. Tana zuga mijinta ya kashe ubangidansa, amma fuskarta kamar an sassaƙa, da ƙyar take ƙifta ido, tafiya ma jan ƙafa take yi. Rashin iya wasa ne, ko haka ake yi a zamanin? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in ka ce Isuzu Yamada, wadda ta fito a matsayin matar, ba ta iya wasa ba, to ni da kai za mu ɓata. Ni ma farkon ganina na ɗauka ta sandare ne, sai da aka zo daren kisan. Ɗakin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar rigarta ta siliki tana jan dandamalin katako. Tsigar jikina ta tashi.

Fim ɗin ya fito a 1957. Labarin Macbeth na Shakespeare ne aka mayar da shi zamanin yaƙe-yaƙen samurai, wato mayaƙan Japan na dā, amma salon wasan daga Noh Kurosawa ya ɗebo shi. Noh wasan dandali ne da Kan'ami da ɗansa Zeami suka daidaita shi tun ƙarni na 14. Babban ɗan wasa yakan sa fuskar katako. Tunda katako ba ya murmushi, da wuya ake aiki: in ya ɗaga kai kaɗan haske ya sauka, sai fuskar ta yi kamar ta saki, in ya sunkuyar, sai ta yi duhun baƙin ciki. Tafiyar ma da ƙa'idarta, ana zame ƙafa ne ba a ɗaga diddige. Kurosawa ya nuna wa Yamada hoton irin wannan fuska don ta ɗora wasanta a kai. Busar sarewa mai tsini da ka ji, ita ma daga can take.

Kuma wannan aro bai fara daga kansa ba. Fim ɗin Japan mafi tsufa da ya rage har yau, Momijigari na 1899, wasan Kabuki ne, wani wasan dandalin gargajiya na daban, kawai aka kafa wa kyamara, inda manyan 'yan wasa biyu, Ichikawa Danjuro na tara da Onoe Kikugoro na biyar, suka fito. Wani abin ban dariya shi ne mace ce ta ƙirƙiro Kabuki, Okuni, a birnin Kyoto wajen 1603, amma a 1629 hukuma ta hana mata hawa dandali. Maza suka gaje gurbin, ana ce musu onnagata. Da fim ya zo, sai ya gaji al'adar: har farkon shekarun 1920 maza na fitowa a matsayin mata. Ɗaya daga cikinsu, Teinosuke Kinugasa, da aikin ya mutu sai ya koma ba da umarni, har fim ɗinsa Jigokumon ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1954. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Waɗanda suka fi burge ni su ne benshi. A zamanin fim marar sauti, mutum ne yake tsayawa gefen allo yana ba da labari, yana kwaikwayon muryar kowa, mace da namiji, yana saka nasa gishirin. Mutanen Japan ba su ga baƙon abu ba, domin a wasan 'yar tsana na Bunraku ma mai rera labari ne yake magana a madadin kowace 'yar tsana, mai kiɗan shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku, na gefensa. Wasu 'yan kallo sunan benshi suke bi, ba sunan fim ba. Duk wanda ya saba da fassarar finafinan Indiya a nan gida ya san wannan ɗanɗanon. Ƙarfin benshi na cikin abin da ya sa fim mai magana ya yi jinkirin kankama a Japan. Cikakken na farko sai 1931. Yayan Kurosawa, Heigo, benshi ne, kuma shi ya riƙa jan ƙanen zuwa silima. Sauti ya zo ya kashe musu kasuwa, shi kuma ya halaka kansa a 1933.

Kada dai ka ɗauka duk tsofaffin finafinansu haka suke. A cikin wannan fim ɗin ma dubi Toshiro Mifune, mijin, yadda yake zare ido yana huci. Kibiyoyin da aka yi masa ruwansu a ƙarshe kuwa na gaske ne, ƙwararrun maharba suka harba.

Ka koma ka sake kallon wurin da take wanke hannu a cikin kwano, tana cewa jinin ya ƙi fita. Ka lura da fuskar a nan, sannan ka rubuto mini.